Igiyar da Ke Reshen Lemun Inna

Akwai wata ranar Litinin a Doha da na tabbata ko tsufa ya kwashe mini duk abin da na sani, ita kam ba zan manta da ita ba. Ranar ce na ɗaga takarda daga kan wani katako da na shafe wata huɗu ina sassaƙawa, ni na riƙe gefe guda, yayana ya riƙe ɗaya gefen, alhali shekara biyu da rabi ke nan ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwar salla a waya. Amma bari in koma baya kaɗan, don a san yadda aka yi injiniyan na'urorin sanyaya gini ya ƙare da wuƙar sassaƙa a hannu.

Ni dai mutum ne mai zuciya, ga riƙo. Ba yau na fara ba, tun ina yaro Inna, mahaifiyarmu, take cewa in aka taka ni ranar kasuwa sai wata kasuwar ta zagayo ban huce ba. Yaya kuwa, wanda ya girme ni da shekara tara, malamin sakandare ne a Funtuwa, irin mutanen nan da za ka yini da su ba ka ji kalma goma ba. Tun rasuwar mahaifinmu shi ke riƙe da gida, shi ke yanke magana, ni kuma tun can nake jin haushin yadda yake yanke ta bai tambaye ni ba.

Lokacin da annobar korona ta shigo, ina zaune da maiɗakina a hawa na uku na wani bene a unguwar Bin Mahmud. Aka rufe filayen jirgi, aka rufe masallatai, kowa ya ɗaura takunkumi ya shige ɗaki. Abin da ya rage tsakanina da Inna shi ne kiran bidiyo. A da duk sanda na ga dama nake kiran wayar Yaya ya miƙa mata, sai kwatsam ya kafa mini doka: in zan kira in sanar da shi tun da safe, kuma sai bayan la'asar, wai lokacin ne layi ya fi kyau. Na ce a raina, ga shi nan ya fara mulkin nasa. Na dai bi don ba yadda zan yi. Duk sanda na kira sai in tarar da ita zaune a kan kujerarta 'yar tsuguno a gindin lemun tsamin tsakar gida, ta sha kwalli, mayafi ya rufe mata kafaɗu har cinya, randa na gefenta. Na ga ta ɗan faɗa, na tambaya, ta ce azumi ne da zafi. Na tambayi Yaya, ya ce ɗan zazzaɓi ne, kuma da sauƙi. A kiranmu na ƙarshe ma har tsokanata ta yi, ta ce in rage zuciya, ita dai ta yafe mini duk rigimata ta yarinta da ta girma. Na yi dariya na ce ai ni ne ɗan lelenta, rigimar me kuma.

Bayan kwana uku Yaya ya kira da safe ya ce Inna ta cika, za a kai ta ƙarfe goma. Ba jirgi, ba hanya. Na zauna a falo da waya a hannu har aka gama jana'iza ban motsa ba. Washegari wata maƙwabciyarmu ta kira yi mini ta'aziyya, a cikin addu'a ta ce Allah ya sa jinyar wata biyun nan da ta sha ta zama kaffara. Wata biyu! Ban jira ta gama ba na kira Yaya. Abin da na faɗa masa ranar, har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na ce ya mayar da ni bare, ya yi mini ƙarya a kan uwata, ya hana ni ko buɗe baki in nemi gafararta. Bai ce komai ba sai "ka yi haƙuri". Wannan haƙurin ma ƙara tunzura ni ya yi, na kashe waya. Da aka buɗe hanya na je gida na yi kwana biyar, na ziyarci kabari, na sauka gidan surukaina, na gaishe shi a tsaye na juyo.

To ana nan, akwai wani dattijo kafinta, mutumin Zangon Kumasi, da ya taɓa zuwa ya gyara mana kabad ɗin kicin kafin annoba. Ya ji ina yi wa wani faɗa a waya da Hausa, sai ya leƙo daga cikin kabad ya ce in yi a hankali kada in fasa wayar. Tun daga ranar nake kiransa Baba, shi kuma yana ce mini Injiniya. A Sanaiya yake aiki, unguwar masana'antu da garejoji, kuma yankinsu na cikin waɗanda aka killace tsawon lokaci. Da aka sassauta kulle, maiɗakina ta gaji da ganina ina zagaye falo ina huci, ta dafa tuwon shinkafa da miyar kuka ta ce in kai wa Baba, ko banza na shaƙi wata iskar.

Na same shi a bayan shagon da yake wa aiki, a wani ɗan lungu da kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya bar masa. An ja igiya daga bango zuwa bango, an shanya takardu da maƙalai kamar wanki. Na matsa na duba. Hotuna ne baƙi da fari a kan takardar buhun siminti: wata motar haya maƙare da doya, wani masallaci mai rufin kwano, kwale-kwale a bakin teku. Na tambaya wane inji ya buga su. Ya yi dariya ya jawo wani guntun katako daga ƙarƙashin tebur, baƙi ƙirin, an ƙwaƙule shi ta ko'ina. Ya ce ga injin nan. Yana saurayi ya yi aiki wurin masu buga wa yadi ado da hatimi, can ya koyi sassaƙa zane. Da kulle ya ritsa da su, mutum takwas a ɗaki ba abin yi, sai ya koma wa guntayen katakon da ake zubarwa don kada tunani ya kashe shi.

A gabana ya matsa tawada a kan wani fasasshen gilashi, ya yi ta murza ta da rola ta roba har ta fara wata 'yar ƙara kamar ana suya a nesa. Ya ce da kunne ake sanin ta yi daidai. Ya bi kan katakon da rolar, ya ɗora takarda, ya ɗauko ludayin duma ya riƙa goga bayan takardar da gadon bayansa, a hankali, yana zagayawa. Sannan ya kama kusurwa ya ɗaga. Wallahi na ga manyan injuna a rayuwata, na shiga ɗakunan da ke sanyaya unguwa guda, amma ban taɓa riƙe numfashi don wani aiki ba sai ranar. Takardar da ta kwanta fara fat ta tashi da kasuwa a jikinta. Na ce Baba, koya mini.

Ya ba ni wuƙa ɗaya da ƙarafa biyu na ƙwaƙule, ɗaya mai baki kamar cokali, ɗaya mai tsini, da katako kamar tafin hannu. Na ce zan fara da ganye. A garinmu na sha zama wurin masu yi wa ƙwarya ado, na san yadda suke yi: inda ka tsaga nan ne zane, nan ne ke yin baƙi. Don haka na zana ganyena na bi layin da wuƙa tsaf, ina jin kaina gwani. Da muka buga sai takarda ta fito baƙa wuluk, ga wasu 'yan zare-zare farare a tsakiya. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Injiniya, wannan ba ƙwarya ba ne," in ji shi. "Nan abin da ka yanke, ya tafi, tawada ba ya taɓa shi. Abin da ka bari, shi ne mutane za su gani."

Hausarsa ta Zango ba ta raba mace da namiji, ni kuma ba na barin ta wuce ban tsokane shi ba, shi ma ba ya raga wa tawa. Haka muka shafe kusan shekara biyu, kowace Juma'a bayan an sauko masallaci ina Sanaiya. Na koyi cewa zane a juye ake sassaƙa shi, abin da kake so a dama sai ka sa shi a hagu, don takarda za ta mayar da shi daidai. Na koyi sa hannun hagu a bayan wuƙa ba a gabanta ba, wannan kam sai da na bar tabo a babban yatsa kafin ya shiga kaina. Na koyi cewa katako yana da hanyarsa, in ka bi ta ƙarfe ya yi ta tafiya sumul yana fitar da ɓawo a nannaɗe, in ka yi masa gardama ya tsage har inda ba ka nufa ba. Ranar da na zo da ɓacin rai daga ofis, Baba ba ya tambayata, katakon yake dubawa ya ce yau an taɓa ka, halas, wato shi ke nan, ajiye wuƙar ka sha shayi. Kuma babu gyara. A kwamfuta in na yi kuskure maɓalli ɗaya ne, a nan abin da ya fita ya fita.

Abin da ya kama ni a aikin, ban iya faɗa wa kowa lokacin ba. Shi ne kaɗai wurin da zan yi awa uku ban ƙulla wa Yaya magana a raina ba. Ƙamshin katako, ƙarar ƙarfe yana cin itace, ɓarɓashi na taruwa a cinya, sai in ji ƙirjina ya sauka. In na tashi na hau mota kuwa, kafin in kai gida na dawo inda nake.

Ana saura wata huɗu a fara gasar cin kofin duniya na ce wa Baba ina son yin babba. Akwai hoto guda da na ɗauka daga fuskar waya a ɗaya daga cikin kiran nan na bayan la'asar. Bai fita sosai ba, amma ana ganin komai: Inna a kan kujerarta, lemun tsami a bayanta, randa da moɗa a kai, ƙofar ɗakinta da labulen asabari, takalmanta a bakin ƙofa. Baba ba ya sassaƙa fuskar mutum, ni ma ban so ba. Na ce zan yi tsakar gidan kamar yadda take, in bar kujerar ba kowa a kai. Ya samo mini katako mai laushi, tsawonsa ya kai hannu ɗaya da rabi, ya goge mini shi da samfefa har yana sheƙi. Na kawo shi gida na ɗora a teburin cin abinci, maiɗakina ta ce to, an kore mu ke nan, muka koma ci a kan leda a ƙasa.

Da na kai wa Baba zanen ya duba, ya sa yatsa a wani wuri. A hoton akwai wata 'yar igiya da ke lilo daga reshen lemun, daidai saman kafaɗar Inna, da ɗan ƙulli a ƙarshenta. Na kwafe ta tare da sauran abubuwa ban ma lura ba. Ya tambaye ni ta mene ce, na ce oho, wataƙila ta shanya ce ko yara suka ɗaura. Ya ce to in cire ta. Layi siriri irin wannan shi ne mafi wuya, sai ka ƙwaƙule dama ka ƙwaƙule hagu ka bar ɗan tudu kamar zare a tsakiya, hannu ya ɗan goce ya karye, kuma ba abin da za ta ƙara wa hoton. Da ya ce in cire ɗin nan ne taurin kaina ya motsa. Na ce a aikinmu abin da ke cikin zane shi ake ginawa, ba a tambayar ko yana da kyau. Ya ce yalla, wato je ka yi, wuyanka ne zai yi ciwo. Kwana uku na yi a kan igiyar nan kaɗai, ina cire itace kamar ƙwayar gero, kuma ba ta karye ba.

Gari ya cika da baƙi, tutoci ko'ina, jirgin ƙasa ba masaka tsinke. Baba kuwa ya samu abin yi, tunda Ghana ce ta hana Najeriya zuwa gasar. Duk sanda ya gan ni sai ya tambaya da fuskar tausayi ko ya ara mini rigar Ghana in ɗan ji yadda ake ji. Ana cikin haka maiɗakina ta zaunar da ni ta ce Yaya na zuwa. Wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a Doha ya samo masa tikiti da izinin shiga, don duk wanda ya san shi ya san ƙwallo ce kaɗai ke sa shi ɗaga murya. Ɗalibin ya ce ya sauka wurinsa a unguwar Ain Khaled. Na ce to madalla. Ta kalle ni ta ce in ni ban ji kunya ba ita za ta ji, a ce wanka uwa ɗaya uba ɗaya ya zo garin da kake ya sauka gidan ɗalibi. Na sha mur na yini, da yamma na tura masa saƙo na layi ɗaya cewa akwai ɗaki.

Na ɗauko shi a filin jirgi. Ya yi furfura fiye da yadda na bar shi, ya rame. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi aiki, magana ta ƙare tun ba mu fita daga wurin ajiye motoci ba. Kwana uku muka yi haka. Mu yi salla tare, mu ci abinci a kwano ɗaya, ya tafi kallon wasa da ɗalibinsa, ya dawo ya ce sannu da gida. Katakon kuwa na rufe shi da tsohon zani.

Ranar Litinin ɗin muka shirya da Baba zai zo bayan azahar mu buga, don takardar babba ce, mutum ɗaya ba zai iya kwantar da ita daidai ba, kuma in ta goce ko kaɗan hoton ya ɓaci. Na share tebur, na matsa tawada, na yaye zanin. Sai ga wayarsa, bayansa hayaniya da ganguna. Wai ya manta yau Ghana ke wasa, yana hanyar fili, mu da ba mu zo gasa ba sai mu yi ta aikin gida. Na fara faɗa, na ce tawada za ta bushe. Ya ce ba yayanka na nan ba? Hannu biyu gare shi kamar kowa. Ya kashe. Na daɗe ina zargin da maiɗakina suka ƙulla wannan, har yau dai ba wanda ya amsa.

Na juya, ashe Yaya ya fito yana tsaye a kan katakon, hannu a baya, irin tsayuwar malami a kan mai jarrabawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce gida ne wannan, amma na yi kuskure, lemun a dama yake ba a hagu ba. A daƙile na ce masa a juye ake yi, in yana son gani ya wanke hannu ya riƙe mini takarda. Ya je ya wanke.

Na murza tawada har ta yi ƙarar da Baba ya koya mini, na bi katakon sau uku. Muka kama takardar, shi kusurwa biyu ni biyu, muka sauke ta a hankali. Na ba shi ludayi ɗaya na ɗauki ɗaya, na nuna masa yadda ake zagayawa. Muka yi ta goga, shi daga can ni daga nan, ana jin ƙarar ludayi a kan takarda da ihun 'yan kallo daga wani shago a ƙasa. Har muka haɗu a tsakiya. Na ce ya kama, muka ɗaga tare.

Ya fito. Lemun ya koma dama inda Allah ya ajiye shi, ga randa, ga moɗa, ga takalma, ga kujera ba kowa. Na ji daɗi ƙwarai, har na manta ina fushi na ɗago in ga ko ya yaba. Sai na ga bai ma dube ni ba. Ba hoton duka yake kallo ba, wuri ɗaya ya ƙura wa ido.

"Ina ka samo wannan igiyar?" ya tambaya.

Na ce a hoton waya take, ban san ta mene ce ba. Muka shimfiɗa takardar a tebur, ya jawo kujera ya zauna, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce Allah ya yafe masa, an ce kada ya faɗa, amma tunda ga ta na sassaƙo da hannuna ba zai iya ba kuma.

Ya ce a jikin igiyar nan suke rataye wa Inna ledar ƙarin ruwa. Ciwon ƙoda ne ya kwantar da ita. Lokacin kowa tsoron asibiti yake, ita kuma ta ce ba za ta kwana can ita kaɗai ba, sai wata ma'aikaciyar jinya ta riƙa zuwa gida tana sa mata ruwa. Ɗaki zafi, don haka a gindin lemun take yini a kan katifa. Duk ranar da na ce zan kira, tun azahar suke shiri. A cire ledar a ɓoye bayan randa, a janye katifar, matarsa ta wanke mata fuska ta sa mata kwalli, shi kuma ya ɗauke ta cak ya ɗora a kujera, ya ja mayafi ya rufe hannun da allura ke ciki. Sannan ya durƙusa ya saita waya yadda ba wani kayan jinya da zai shigo cikin hoton. 'Yarsa tana tsugune a bayanta ta tokare ta da kafaɗa don kada ta faɗi. In na kashe, wani lokaci sai magariba take iya buɗe ido. Igiyar ce kaɗai bai taɓa tunawa ya kwance ba.

Na tambaye shi me ya sa. Ya ce ya roƙe ta ya fi sau goma a gaya mini, har ya yi mata kuka.

"Ta ce, 'Hanya a rufe take, ba zuwa zai yi ba. Ka san zuciyarsa, in ya ji zai yi ta dukan bango shi kaɗai a ƙasar mutane. Bar shi ya riƙa ganina a zaune. Ko bayan raina ban yarda ka ba shi labarin kwanciyata ba.' Na ce zai riƙe ni, Inna. Ta ce, 'Kai ne babba, ka ɗauka.'"

Sannan ya ce maganar neman gafara da nake yi, ai ta riga ni. Kwana biyu tana tara ƙarfin kiran nan na ƙarshe, ta ƙi shan maganin da ke sa ta barci, don kawai ta faɗa mini ta yafe da bakinta, ta kuma faɗa da wasa yadda ba zan gane ba.

Shekara biyu da rabi ina ɗauke da hoton nan a waya, wata huɗu ina bin sa layi-layi da wuƙa, ban taɓa tambayar kaina wa ke riƙe da wayar ba, ko me ya sa hannunta na hagu bai taɓa fitowa daga mayafi ba. Na sauka daga tsaye na durƙusa a gabansa, hannuna duk tawada, na ce Yaya ka yafe mini. Kuka ya ƙwace mini irin wanda ban yi ba ranar rasuwar. Ya dafa kaina ya ce shi bai taɓa riƙe ni ba, abin da ya fi damunsa shi ne in wani abu ya same shi muna haka, me zai ce mata. Sai ya ce in tashi, zan ɓata masa farar riga. Na duba, na riga na ɓata ta.

Da la'asar muka buga guda shida, ɗaya ɗaya na kowane ɗa da Inna ta bari. Daga na uku Yaya ya karɓi rolar, ya ce ba na sa tawada daidai a kusurwa, kuma gaskiyarsa ne. Bayan magariba Baba ya kira da dasasshiyar murya, Ghana ta ci. Bai tambayi yadda hoton ya fito ba, ce mini ya yi in ba Malam, wato Yaya, waya su gaisa. Da ya zo ganin aikin daga baya na ba shi labarin igiyar, ya daɗe yana kallonta, ya ce gara da ban ji maganarsa ba.

Yanzu shekaru sun wuce, hoton na rataye a falona, na Yaya kuma a zaurensa a Funtuwa. Baƙi kan yaba bishiyar da randar, ba mai lura da igiyar sai mu. Har yau ina sassaƙa, har yau ina da zuciya, ba zan yi ƙarya ba. Amma na koyi abu ɗaya da nake son duk mai saurin fushi irina ya ji. A aikin nan mai kallo abin da aka bari kawai yake gani, wahalar kuwa duk tana cikin abin da aka cire. Haka Inna da Yaya suka yi mini: suka ƙwaƙule ciwo da katifa da allura, suka bar mini uwa a zaune tana dariya, ni kuma na saka wa wanda ya yi aikin da gaba. Tun daga ranar, in na gano wani nawa ya ɓoye mini abu, kafin in buɗe baki sai na tambaye shi wa ya sa shi, da abin da ya sha kafin ya iya ɓoyewa. Da na yi wa Yaya wannan tambayar ranar da na kira shi ina ihu, da bai ɗauki makokin Inna da fushina shi kaɗai har shekara biyu da rabi ba.